Tun da Ungulu Ta Bar Kwatar Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, Malam Garba mahauci, wanda ya yi fawa a ƙauyenmu tun ba a haife ni ba har ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa abinci a raba wa maƙwabta, a taru a yi masa addu'a, washegari in koma aji wurin ɗalibaina ba. Bana kuwa zama ya gagare ni. Ƙanena Sabo, wanda ya gaji wuƙar Baba, kare ya cije shi a wurin yanka, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ba mu san ko mun tsira da shi ba. In zauna ba daɗi, in tashi ba daɗi. Shi ya sa na ce bari in ɗauki biro, ko na rage abin da ke cina.

Ni ce babba a ɗakinmu, malamar firamare ce ni a Ɗanbatta, kuma waɗanda suka san ni sun san ba ni da haƙurin riƙe magana a ciki. Ƙauyenmu yana tsakanin Makoda da Ɗanbatta, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, ba ka ganin daji ko na magani. Komai da mai shi. Kuka da mai ita, tsamiya da mai ita, kashin jakin da ya faɗi a kan hanya ma akwai wanda zai zo da kwando ya kwashe ya kai gonarsa. Lokacin da muka tashi ba mu san wani abu wai shi shara ba, domin duk abin da wani ya bari akwai bakin da ke jiransa.

Kwatar Baba, inda yake yanka, ba gini ba ce. Fili ne a bayan kasuwa, ƙasarsa ta yi tauri saboda sawu, ga wata tsohuwar kuka a gefe. Ranar kasuwa ni ake aika in kai masa koko da sassafe, kuma kafin in hango Baba sai na fara hango ungulaye. Sun jeru a rassan kukar, kawuna duk sanƙo, wuya a noƙe, kamar tsofaffin da suka zo ɗaurin aure da wuri. Ba wanda ke son su. Mata na tofar da yawu, yara na neman dutse. Amma duk yaron da ya kuskura ya ɗaga hannu, zai ji muryar Baba daga inda yake durƙushe yana fiɗa: "Kai, ɗan gidan wa ye wannan? Ka bar mini ma'aikatana!" Haka yake ce musu, kuma ba da wasa ba. Yakan ce tunda yake bai taɓa ganin ranar da suka makara ba, ba su kuma taɓa aiko masa cewa yau suna da biki ba.

Baba yana da tsarinsa na rabo, ba ya canzawa. Nama ya hau tebur, wani ya tafi tukuba a yi tsire. Fata ta jira mai saye. Toroso, wato abin da aka zazzage daga tumbi, a tara shi gefe guda, da yamma a ɗora wa jaki a kai gonarmu, inda zai koma gero da wake da harawar da wata akuyar za ta ci baɗi. Abin da ɗan Adam ba ya ci kuwa, matsarmama da guntayen hanji da gudajin jini, sai ya tattara a wani tsohon kwano ya watsa a gindin kuka. Nan take za ka ji ƙarar fuka-fukai. Shirwa ta kawo sura daga sama ta ɗauki nata, hankaka ya tsaya gefe yana jiran a rage masa, tururuwa ta share abin da ya saura. Kafin rana ta yi zafi wurin ya yi fes, sai ka shimfiɗa tabarma ka zauna. Karnukan garin a lokacin ba su wuce na maharba biyu ko uku ba, kuma in sun zo ba sa tarar da komai sai ƙanshi.

Haka ma in jaki ya mutu da damina, ko cuta ta kayar da tunkiya. A ja mushen a kai bayan gonaki. Ba wanda ya aika wa ungulu, amma kafin a gama yi wa mai jakin jaje sun fara kewaya a sama. Washegari ƙashi kawai za ka tarar. Ni dai har na bar gida ban san wari ya taɓa hana mu cin tuwo a tsakar gida ba.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin waliyyi nake ba shi. Baba mutum ne mai zafin rai da taurin kai, kuma a kan nama hannunsa a dunƙule yake. Mu 'ya'yan mahauci da ƙashi ake yi mana miyar kuka. Inna, Allah Ya jiƙanta, takan ce, "Malam, ungulayen nan naka sun fi 'ya'yanka sanin ɗanɗanon nama." Shi kuwa sai ya hau mita. Ya ɗaga cinyar akuya ya ce a duba, shekara guda ana ɗora mata harawa da dusa, ta cinye dami ba iyaka, ta sha ruwa tulu ba iyaka, ga ɗan abin da ya rage, kafin la'asar ya ƙare a bakin mutane. Ina sauran ya tafi? Ba ilimi yake koyarwa ba, ƙorafi kawai yake yi, kuma haka zai yi ta yi har mu tashi mu ba shi wuri.

Yau wannan ƙorafin nasa nake koya wa 'yan aji biyar. In zana rana a allo, in ja kibiya zuwa ciyawa, daga ciyawa zuwa akuya, daga akuya zuwa mutum. In gaya musu ƙarfin da ganye ya kama daga hasken rana ba ya isa ga na gaba dukkansa, mafi yawansa yana ƙarewa a tafiya da numfashi da ɗumin jiki, shi ya sa ciyawa ta fi awaki yawa, awaki kuma suka fi mahauta yawa. Su yi dariya. A ƙarshen shafin akwai hoton ungulu, an rubuta ita ce mai share abin da ya mutu. Bara wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ita wannan tsuntsuwar da gaske akwai ta, ko ta tatsuniya ce?" Na dubi ajin, ba wanda ya yi mata dariya, don duk cikinsu ba wanda ya taɓa ganinta. 

Ga yadda aka yi suka tafi. Shekara biyu ko uku bayan rasuwar Baba wasu baƙi suka zo kasuwarmu da buhuna. Ban gan su ba, Lami matar Sabo ce ta ba ni labari, kuma duk wanda na tambaya haka ya faɗa. Suka ce ungulu suke nema, wai kanta da ƙafafunta ana haɗa magani da su a wasu garuruwa. Suka roƙi Sabo tumbin akuya da hanji, ya ba su, kamar yadda zai ba duk wanda ya roƙa. Suka barbaɗe shi da maganin ƙwarin gona, suka shimfiɗa a gindin kukar nan, daidai inda Baba ke watsa nasa. Ungulu tsuntsuwa ce mai dogon nazari, a wani wurin sai ta daɗe tana kewaya kafin ta sauka. Amma a nan me za ta ji wa tsoro? Shekara da shekaru ba a taɓa jifanta a gindin kukar ba. Ungulayen suka sauko gaba ɗaya kamar kullum. Mutane na tsaye suna kallo, wasu har da dariya, yadda suke tangaɗi suna faɗuwa. Aka cika buhuna. Bayan wani lokaci baƙin suka dawo suka kwashe ragowar. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, amincin da Baba ya ba tsuntsayen nan da shi aka kama su.

Da na je na tasa Sabo a gaba, kallona ya yi kamar na zautu. "Haba Yaya, ungulu ce fa, ba saniyar wani ba. Wa na cuta?" A ranar faɗa kawai na yi ta yi masa har muryata ta dishe. Kuma gaskiya ba shi kaɗai ba ne. Duk garin ba wanda ya ga an yi asara, wasu ma cewa suka yi an rage ƙazanta. Daga baya na ji kasuwanni da yawa haka suka wayi gari ba ungulu ko ɗaya.

To amma yanka bai tsaya ba. Ƙaruwa ma ya yi, don mutane sun ƙaru. Abin da ungulu ke ɗaukewa kafin hantsi sai ya zauna a ƙasa ya kwana. Ƙudaje suka fara zuwa, ɓeraye suka biyo, sannan karnuka. Ba na maharba ba, waɗannan ba su da ubangida, suna haihuwa a cikin kwalbati da ƙarƙashin tarin kara, suna ƙoshi, 'ya'yansu na rayuwa. Ranar kasuwa za ka gan su garke guda a gindin kuka, sun gaje wurin. Ranakun da ba yanka kuwa yunwa ta koro su cikin gari, su kama kaji, su yaga 'yan awaki, mata su riƙa tafiya famfo da sanda a hannu. Ungulu duk muninta ba ta taɓa bin kowa gida ba, ba ta taɓa cizon kowa ba. Ta ci ta tashi sama abinta. Kare kuwa yana ci yana cizon ɗan'uwansa, in cutar hauka ta shiga ɗaya ta sami hanyar shiga sauran.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da zai leƙo kwatarsa yau. Wani lokaci in ga kamar zai zauna ya yi hawaye. Wani lokaci in ce ina, Baban da na sani sanda zai ɗauka, ya fara da karnuka ya ƙare da Sabo. Wani lokacin kuma, in na tuna halinsa sosai, sai in ji haushinsa shi ma. Bai taɓa tunanin ungulu za ta iya ƙarewa ba, a wurinsa in gari ya waye dole ta zo. Ya kare ta daga dutsen yara, amma bai taɓa zaunar da Sabo ya gaya masa dalili ba, tsawa kawai yake yi. Da mai tsawar ya tafi, ba abin da ya rage a kunnen kowa.

Ranar da abin ya faru Sabo yana durƙushe yana fiɗar rago. Wani jan kare ya nufo shi, yawu na dalala. Waɗanda ke wurin sun ce ga tumbi a ƙasa, karen bai ko kalle shi ba, ya tsallake ya cafki Sabo a ƙafa, daidai sha-raɓa, ya ƙi saki sai da aka rufe shi da sanduna. A nan aka kashe shi. Sannan aka yi abin da muka tashi muka ga ana yi: aka yanki gashin jelar karen, aka ƙona, aka cusa tokar a bakin ciwon, aka ɗaure da tsumma. Mushen aka ja aka jefa a ramin bayan kwata. Kowa ya ce shi ke nan, an yi magani. Ba wanda ya ce a wanke da sabulu, ba wanda ya ambaci asibiti. Sabo ya ɗingisa ya ƙarasa fiɗarsa, ya kuma ja wa Lami kunne kada ta kuskura ta gaya mini, wai ba ya son surutuna.

Fiye da mako ta yi tana haɗiye maganar, sannan tsoro ya fi ƙarfinta ta kira ni. Ban san yadda na yafa mayafi ba. Na hau acaɓa tun daga Ɗanbatta, na same shi a zaure yana wasa wuƙa, ga awaki a ɗaure na kasuwar gobe.

"Yaya, wa ya tayar miki da hankali? Dubi, ciwon har ya kama bushewa."

"Bushewar fata na zo tambaya? Tashi mu tafi asibiti."

"Baba ma ai kare ya taɓa cizonsa, gashi aka ƙona masa, ya ƙara shekara talatin a duniya."

"Karen da ya ciji Baba na maharbin bayan gidanmu ne, an san uwarsa, an san kwanon da yake ci, jela Baba ya taka masa. Naka fa, ɗan gidan wa ye?"

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa, can ya ce sai bayan kasuwa. Kai jama'a! Mutum da furfura a gemu, uban 'ya'ya bakwai. Da ya ajiye wuƙar zai gyara zama, na ɗauke ta na naɗe a mayafina. Na ce masa ni na goye shi, kuma wallahi ba zai ƙara yanka ko kaza ba sai ya bi ni. Mace ta ɗauki wuƙar yanka, a gidanmu ba a taɓa yi ba. Ya dube ni, ya dubi mutanen da suka fara leƙowa, ya tashi ya sa takalmi.

A asibiti wata nas mai sanyin murya ta kwance tsumman, ta ga toka, ta hau wanke ciwon, ta daɗe tana wankewa. Sannan ta yi mana bayani, kuma bayanin nata ne ya hana ni sukuni har yau. Ta ce cutar haukan kare tafiya take yi a hankali daga bakin ciwo zuwa kai, a wani makonni, a wani watanni. Allurar da za a yi masa tsere take yi da ita. In allura ta riga, an tsira. In cutar ta riga, babu magani a ko'ina. Ta ce cizon a ƙafa ne, nesa da kai, wannan abin godiya ne, amma mun makara da zuwa, ba za ta rantse mana ba. Na ce to yaya za mu gane?  Ta ce zazzaɓi, da ƙaiƙayi a tabon, sannan mutum ya ji ƙishirwa amma in an miƙa masa ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe, ya kasa haɗiya, har ya riƙa tsoron ganinsa.

Ya karɓi alluran duka, ko ɗaya ban bari ya tsallake ba. Na ɗauki hutu na tare a tsohon ɗakin Inna. Ranar da muka fara dawowa daga asibiti na sa aka je binne mushen karen, don warinsa ya isa har masallaci. Na bi masu shebur, Sabo ya ɗingiso a bayanmu ya tsaya a bakin ramin, hannu a hanci. Sauran karnuka sun riga sun yayyaga shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga kai ya dubi kukar. "Da a da ne," ya ce, "kafin azahar babu shi." 

Yanzu in na zauna ina duba abin da Baba ya bari, ba shi da yawa. Gonar tana nan, har yanzu ana kai mata toroso, ita kam ba ta yi ƙorafi ba. Kukar tana nan, rassanta wayam. Wuƙar ta sha wasa har ta sirance. Ungulayen ba na jin zan sake ganinsu da idona. Na fara bin masu yanka da magiya su riƙa binne abin da ba a ci, tunda masu kwashewa sun tafi, wasu na ji, wasu na cewa Malama ta zo da nata. Abin da ya rage na Baba mai motsi, mai numfashi, Sabo ne. Tarinsu iri ɗaya, yadda yake gwada kaifin wuƙa a farcen babban yatsa iri ɗaya, taurin kan nan da ya jefa mu a wannan hali ma gado ne. In ya yi gyaran murya a zaure sai in ji hannuna ya kai kan ɗankwali zan gyara. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Amma ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji, don in na rasa Sabo ba ni da sauran inda zan ji muryar.

Yau da safe aka yi addu'ar shekara. Malamai suka shafa fatiha suka watse, aka kwashe kwanuka. Sabo na zaune a bakin zaure, ƙafa a miƙe, yana ba wani labarin kasuwar raguna kamar ba abin da ke gabansa. Na shiga ciki na buɗe randa, na cika moɗa na kawo masa. Ya san dalili, kullum sai na yi.

"Yaya, yanzu fa na sha."

"Ƙara."

Ya girgiza kai ya karɓa. Ban kalli fuskarsa ba, maƙogwaronsa na zuba wa ido. Ya kafa kai, na ga yana hawa yana sauka, har ya shanye ya kife moɗar ya nuna mini. Sai a lokacin na saki numfashi. Yau dai ya sha, alhamdu lillahi. Gobe da safe zan sake ɗebo masa.